Fuskar Tsohon Kanti: Gyara ko Kwaskwarima?



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da aikin magina? Tambayar tana bisa hanya, domin ni ba injiniya ba ne, ban kuma taɓa riƙe cokalin birkila ba. Abin da ya jawo ni cikin wannan magana shi ne farautar kalmomi. Na zauna da tsofaffin magina ina rubuta sunayen kayan aikinsu, sai na lura kowace kalma da suka ba ni, kamar makuba da katsi da laso, tana ɗauke da wani sani game da yadda ruwa yake cin bango da yadda ake hana shi. Da na fita daga wurinsu na bi ta cikin kantunan Kano, sai na ga ana ta gyaran fuskokin tsofaffin gine-gine ba tare da wannan sani ba. To, a kan wannan nake son mu yi nazari yau.

Bari mu fara da kalmomi biyu. Bahaushe yana da gyara, yana kuma da kwaskwarima. In an ce an gyara abu, to an nemo cutarsa an kawar. In kuwa aka ce an yi masa kwaskwarima, to an shafe samansa ne domin ido, cutar tana nan a ƙasa tana aikinta. Akwai ma na uku, wanda ya fi duka muni, watau abin da ake kira gyaran gangar Abzinawa, inda mai gyara zai bar abu ya fi yadda ya same shi lalacewa. Ra'ayina shi ne, galibin abin da ake yi wa fuskokin tsofaffin kantunanmu yana tsakanin na biyu ne da na uku.

Waɗanne gine-gine nake nufi? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis da G.B. Ollivant da CFAO, da kamfanin Neja wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929, suka kafa kantuna da rumbuna a wajen ganuwa, gabas da birni, kusa da tashar jirgi. Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake, kanti a gaba, gida a baya ko a sama. Bayan yaƙin duniya na biyu, da kuma zamanin kuɗin man fetur, aka yi benayen kankare na bankuna da ofisoshi da manyan shaguna. Saboda haka wanda ya taso daga Kantin Kwari ya bi ta titin Ibrahim Taiwo da titin Bello ya ɓulla titin Legas da titin Banki, ya ratsa tarihin cinikin Kano na shekara ɗari da ɗoriya a cikin tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ba wanda yake ɗaukar waɗannan gine-gine a matsayin kayan tarihi. Gidan Makama yana da masu kula da shi, haka Gidan Ɗan Hausa. Shi kuwa tsohon kanti, darajarsa a idon mai shi ita ce kuɗin hayar da yake kawowa a shekara.

Ita fuskar gini, kafin ta zama ado, riga ce. Aikinta na farko shi ne ta tare ruwa da rana. Ruwan Kano a cikin 'yan watanni kaɗan yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ya riƙa dukan bango a karkace. Shi ya sa in kun lura, bangon gabas shi yake fara zaizayewa. Bayan damina sai hunturu ya zo da bushewa da sanyin dare, sannan bazara ta zo da zafinta. Bango yana jiƙa yana bushewa, yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, shekara da shekaru. Duk rigar da za a sa masa, tilas ta iya bin sa a cikin wannan motsi.

Maginin Hausa ya san haka sarai. Ya gina da tubali, ya yi yaɓe, sannan ya shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da jar ƙasa. Inda ruwa ya fi duka, kamar saman soro da rawani da zanko, sai ya sa laso, watau katsin da ake kwasowa daga karofi, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da yauƙin dafara. Ya sa indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da bango. Ya yi dakali a gindi, wanda mu muke ɗauka wurin zaman hira ne kawai, alhali kuwa shi ne yake karɓar tartsatsin ruwa da zaizayar gindin gini. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ya dawwama. Makuba takan ci, a sake. An yi rigar ne don ita ta mutu, bango ya rayu. Kuma tana da taushi daidai da bangon, tana barin danshin da ya shiga ya fita.

Da siminti ya zo, sai aka ga kamar an huta. An yi wa simintin da muka sani rajista a Ingila a 1824, aka fara yin sa a Nijeriya a Nkalagu a 1957, masana'antar Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Ya yi arha, ya wadata, kowane mai bangon ƙasa ya ce bari ya yi filasta sau ɗaya ya rabu da yaɓen shekara-shekara. Yawancin tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage a bakin titi yau suna sanye da wannan riga. To, amma siminti da ƙasa ba sa kama juna kamu na gaskiya, kuma ba sa motsi tare. Bayan 'yan shekaru filastar takan yi tsaga siririya kamar gashi. Mun san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya shiga. In ya shiga, ba shi da hanyar fita, domin simintin ya toshe masa. Sai ya zauna a baya yana narkar da ƙasar a hankali, daga waje kuwa bango sumul, har da sabon fenti. Ran da abin zai bayyana, sai a ga falle guda na filasta ya ɓalle ya faɗo, a bayansa rami. Wani lokaci bangon ne gaba ɗaya yake zama a cikin daren ruwan Agusta, mutane su ce ai jiya-jiya lafiyarsa lau. Ba lafiyarsa lau ba, an dai rufe masa baki ne.

Wannan ba cutar ginin ƙasa kaɗai ba ce. A tsohon birnin Zanzibar, wanda aka gina da dutsen murjani da ƙonanniyar farar ƙasa, masu gyara sun sha fama da ita, har ya zama ƙa'idar aikinsu ita ce a ɓamɓare siminti a mayar da farar ƙasa. A Ingila, inda na yi karatu, tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kuma abin da ƙungiyar take koyarwa har yau bai wuce abin da tsofaffin maginanmu suka gaya mini ba: a gyara abu da irinsa, kada abin liƙi ya fi bangon tauri, kuma kulawa kaɗan-kaɗan a kan kari ta fi babban aiki bayan an makara. Na ji kunya ƙwarai da na gane na ƙetare teku na ji abin da yake a bakin dattawan unguwarmu.

Yanzu bari mu koma kan benayen kankare, domin su ne suka fi yawa, su ne kuma haɗarinsu ya fi girma, tun da a kan masu wucewa suke. Mutanenmu sun ɗauka kankare dutse ne, ba ya tsufa. Ba haka ba ne. A cikin kowane ginshiƙi da kowace baranda akwai rodi. Sabon kankare yana da wani kaifi irin na toka ko kanwa, wanda yake hana rodin yin tsatsa. Iskar kabon da take cikin sararin nan, wadda numfashinmu da hayaƙin mota suke ƙara ta, tana ratsa kankaren sannu a hankali daga waje, tana kashe wannan kaifi. Aikin shekaru ne, amma ran da ta isa inda rodi yake, in akwai danshi, tsatsa ta kama. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta riƙa tura kankaren daga ciki har ya fashe. In an bi ƙa'ida, ya kamata a bar kaurin kankare kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin rodi da waje. Inda aka yi gaggawa ko aka yi ƙwauron siminti, rodin yakan kusa fitowa fili tun ran gini. Benen da aka yi a 1960 ko 1975 ya riga ya kai shekarun da wannan cuta take bayyana.

Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Ku ɗaga kai ku dubi ƙarƙashin baranda, za ku ga jan zane na tsatsa yana gangarowa, ko tsaga miƙaƙƙiya da ta bi layin rodi, ko wurin da ɓallin kankare ya riga ya faɗi rodi ya fito tsirara. Mai gyaran ƙwarai yakan bi bangon da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya zai ji ƙara mai tauri, inda ya rabu daga ciki kuwa zai ji amo kamar na ganga. Sai ya sare duk wurin da ya yi amo, ya zagaye rodin har bayansa, ya goge tsatsar sai ƙarfe ya yi haske, in ya ci da yawa injiniya ya faɗi yadda za a ƙara wani, sannan a cike da kwaɓin da ya dace. Abin da aka fi yi a nan kuwa shi ne a watsa filasta a kan rodin da tsatsarsa, a bi da fenti. Damina biyu ko uku, wurin ya sake kumbura.

Akwai wata sabuwar kwaskwarima da ta fi fenti haɗari, watau lulluɓe fuskar bene da fallayen alminiyam masu sheƙi, ko tayil, ko wani ƙaton allon talla da zai rufe hawa biyu. Ban ƙi a ce yana da kyan gani ba, ko da yake ni a idona ya mai da titunanmu duk kama ɗaya, ba ka bambanta banki da shagon waya. Damuwata ita ce an huda tsohon bango da ƙusoshi ɗaruruwa, kowace huda ƙofar ruwa ce, sannan an rufe shi yadda ba mai sake ganin abin da yake faruwa a baya. Wasu daga cikin fallayen nan kuma cikinsu roba ce mai cin wuta. Irinsu ne suka sa gobarar benen Grenfell a Landan, a Yunin 2017, ta haye ginin cikin ɗan lokaci, mutum 72 suka hallaka. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 bai kamata a tsaya yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

To, ina gyara na gaskiya yake farawa? Daga sama yake farawa, ba daga inda ido ya fi gani ba. A hau rufi a duba kwano da rawani da indararo da bututun da suke saukar da ruwa. Bututu guda da ya toshe da leda da kashin tantabara ya isa ya ruɓar da kusurwar bene. Bishiyar da ta tsiro a tsagar rawani, tun tana ƙarama ake cire ta. Na'urar sanyaya ɗaki da take ɗiga a kan bango dare da rana, damina ce da ba ta ƙarewa. Daga nan a sauko gindi. A wurare da yawa an yi ta ɗaga titi ana zuba kwalta a kan kwalta, har daɓen kanti ya koma ƙasa da hanya, an kuma toshe lambatu ko an yi gini a kansa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta nuna mana ƙarshen wannan. Bangon da gindinsa yake cikin danshi yakan tsotsi ruwa zuwa sama kamar lagwani, ruwan ya bushe ya bar gishiri, shi ne farin garin nan da kuke gani yana tashi da fenti daidai gwiwa ko ƙugu. Ko an yi fenti sau goma, in ba a janye ruwan daga gindi ba, asarar kuɗi ce.

Sai an gama da ruwa sannan a zo ga wanki da liƙi da launi. A nan ma sauƙin hannu ake so. Ruwa da burushi mai laushi sun isa yawancin datti. Feshin yashi da injin ruwa mai ƙarfi suna cire dattin, amma suna tafiya da fatar bulo ko dutsen, su bar shi a buɗe ga damina. Fentin mai a kan bangon da yake da danshi kuwa daidai yake da sa wa mai gumi rigar leda. Kuma kafin a taɓa komai, a ɗauki hoto, a auna. Tagogin katako masu marufi, da ƙarafan baranda, da ginshiƙan rumfar gaba da take ba mai tafiya inuwa, da sunan kamfani ko shekarar gini da aka zana a goshin bene, waɗannan su ne suke sa a gane wane gini ne. In sun gyaru a gyara su, kada a tumɓuke. Yarjejeniyar Banis ta 1964, wadda masana gyaran gine-ginen tarihi suke komawa gare ta, ta hana mai gyara ya ƙaga abin da bai san yadda yake a da ba. Wannan gargaɗi ya shafe mu, domin na ga inda aka manna zanko da dagi na siminti a kan benen da bai taɓa saninsu ba, wai an mai da shi ginin gargajiya.

Na taɓa tsayawa a gaban wani tsohon kanti ana sare rumfar gabansa don a tsayar da shaguna biyu a wurin. Na tambayi mai kula da aikin ko ya san shekarun ginin. Ya dube ni ya ce, “Malam, magada goma sha ɗaya ne, kowa rabonsa yake jira ƙarshen shekara. Wa zai ce a taɓa kuɗin haya a gyara indararo?” Ban sami abin ce masa ba, domin ya taɓo ainihin matsalar, wadda ba ta siminti ba ce. Mai gini ya rasu, magada sun yi yawa, wasu ba sa ma garin. Ɗan haya yana gyara cikin shagonsa da ƙofarsa, domin nan ne cinikinsa, abin da yake sama da kansa kuwa ba ruwansa. Fuskar ginin ta zama ta kowa, watau ba ta kowa ba. Alhali wanda ɓallin kankare zai faɗo wa a ka, mai talla ne ko ɗan dako da ba shi da ko sisi a cikin hayar.

A nan ne maganar ta zo kanku, ma'aikata. Wasu birane sun daɗe da gane cewa fuskar gini, ko da ginin na mutum ɗaya ne, tana kan hanyar jama'a. A Faris doka ta wajabta wa mai gini ya gyara fuskar gininsa duk shekara goma. A birnin Niyok na Amurka, wani ɓallin gini ya faɗo ya kashe wata ɗaliba a 1979, sai aka yi doka a 1980, aka ƙarfafa ta a 1998, cewa duk benen da ya wuce hawa shida sai ƙwararre ya binciki bangonsa na waje duk shekara biyar ya kai rahoto. Gwamnatin Amurka kuma tana rage wa wanda ya gyara tsohon ginin kasuwanci mai rajistar tarihi haraji daidai da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya kashe, in ya bi ƙa'idar gyara. Ban ce mu kwafo waɗannan yadda suke ba. Benayenmu ba su kai nasu tsawo ba, kuma dokar da ba mai bin ta, ƙofar cin hanci kawai take buɗewa. Amma ku lura da yadda suka haɗa tilas da sassauci. Mu a nan, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana kare abin da aka ayyana shi kayan tarihi ne, tsohon kanti kuwa da wuya ya shiga wannan sahu.

Abin da nake gani mai yiwuwa ne, ba tare da jiran sabuwar doka ba, shi ne a fara da lissafi. Ɗaliban sashen zanen gine-gine da na tarihi da na Hausa za su iya bin titi guda a hutu ɗaya, su ɗauki hoton kowace fuska, su rubuta abin da aka gina ta da shi da inda take ciwo, su kuma zauna da tsofaffin 'yan kasuwa su ji wa ya gina, wa ya zauna, me aka sayar. Jami'in da yake sabunta takardar izinin allon talla yana iya cewa sai ya ga bayan allon tukuna. Lokacin wannan dubawa kuwa Afrilu ne ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, daidai lokacin da magabata suke yaɓe.

Sai dai akwai abu guda da yake da gaggawa fiye da sauran, shi ne masu aikin kansu. Sarautar Sarkin Magina tana nan, amma maginan da suka iya haɗa laso da hannunsu sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Karofin da ake samun katsi ma sun ragu. Makarantun koyon sana'a suna koyar da yadda ake tayar da sabon gini, ba su cika koyar da yadda ake jinyar tsoho ba, ko na ƙasa ko na kankare. Dattijon da ya ba ni kalmar dafara ya ce rabon da wani ya tambaye shi yadda ake jiƙa ta, har ya manta. Na rubuta abin da ya faɗa a littafina, na kuma naɗi muryarsa, amma da na roƙe shi ya nuna mini yadda ake gane kwaɓin ya yi, sai ya miƙo hannu ya murza yatsunsa biyu ya ce a nan ake ji.